Aninin Siyasa a Goshin Jirgi

Duk wanda ya san gidanmu ya san shi da gardama. Na taso a wata tunga ta masunta a bakin tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Wara, a gidan da babana da ƙanensa, Baffa Mani, suke zaune tare da iyalansu. Tsakar gida ɗaya, akushi ɗaya, jirgi ɗaya. Baba yana baya da filafili yana tuƙi, Baffa yana goshin jirgi yana jefa birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a iska kafin ta rufe kifi. Daga gaɓa har tsakiyar ruwa bakinsu ba ya hutawa. In Baba ya ce iska za ta taso, Baffa ya ce ko ganye ba zai motsa ba. In Baffa ya ce a nufi gabas, Baba ya ce kifin gabas duk ya yi ƙaura. Su dawo da la'asar jirgi cike, suna gardamar wanda ya sa aka samu.

Mahaifiyarsu, wadda muke kira Inna Tsohuwa, ita ke da banda a gidan. Wani dogon murhun laka ne a gindin katanga, ana jera kifi a kan waya, a hura wuta a ƙasa ya kyafu a hankali. Da an yi magariba an ci tuwo sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gadin wutar, don in ta yi yawa kifi ya ƙone, in ta mutu ya lalace. Mu jikoki mu kewaye ta, idanu na hawayen hayaƙi, kowa na fakon kifin da zai ɓare ya faɗo, domin wanda ya faɗo ba na kasuwa ba ne. Kusa da ita wurina ne ni da Nasiru ɗan Baffa. Sa'ana ne, a ɗakinta aka yaye mu tare, kuma ban san wata rana da na wuni ban gan shi ba. A nan take ba mu tatsuniya, kuma tatsuniyarta ba ta zuwa a banza. In ka yi rashin ji da rana, da yamma sai ka ji kanka a cikin labari da sunan biri, kowa na dariya yana kallonka. Ni dai na sha zama biri.

Akwai abu ɗaya game da Inna Tsohuwa da ya kamata in faɗa tun yanzu. Baba ɗanta ne na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama su yi hira, in ya gaishe ta da safe bango take amsa wa. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "shi wancan". Baffa Mani kuwa auta ne, tana iya jan kunnensa a gaban matarsa. Muna yara abin dariya yake ba mu, tsohuwar da ke tsawata wa dukan tunga amma ta ga ɗanta ta sunkuyar da kai.

Wata shekarar zaɓe 'yan siyasa suka iso mu ta ruwa. Jirgin inji ya fara zuwa da lasifika, aka raba bajo shuɗi, ɗan kewayayyen ƙarfe mai allura a baya da hoton fitila a gaba. Baba ya karɓa. Ba a jima ba wani jirgin ya zo da nasa, rawaya, mai hoton tsani. Baffa ya karɓi wannan, kuma na tabbata ba don komai ba sai don Baba ya riga ya karɓi wancan. Tunga ta cika da shuɗi da rawaya. Mata suka gano allurar na cire ƙayar kifi daga yatsa, tana kuma riƙe mayafi in ana iska. Wani saurayi ya ɗaura nasa a ƙugiya ya ce walƙiyar na jan giwan ruwa, ya kuwa kama, aka yi ta musun ko kifin ɗan fitila ne. Akuyar liman ma an wayi gari da tsani a igiyar wuyanta, ba a san wanda ya sa ba, kodayake ni da Nasiru mun san wani abu kaɗan a kai. A gidanmu kuwa kakar gardama ta yanke saƙa. Baffa ya ce fitila ba kananzir ai duhu ce. Baba ya ce tsani ba bango itacen wuta ne. Mu yi ta dariya.

Sai Baba ya yi abin da bai kamata ba. Ya ɗauki bajonsa ya kafa da ƙusa a goshin jirgi, don duk wanda suka yi kiciɓis da shi a ruwa ya san jirgin na fitila ne. To goshi wurin Baffa ne, nan yake tsayawa tun yana saurayi. Da ya gani ya bari sai da suka yi nisa, ya sa wuƙa ya ɓamɓare. Ya rantse daga baya cewa miƙa wa Baba zai yi, jirgi ya yi tangaɗi, abin ya suɓuce. Ko ma dai yaya aka yi, fitila ta nutse.

Baba ya ce, "Mutuncina kaj jehwa ruwa, Mani."

Baffa ya ce, "Kai kah hwara taka nawa."

Suka juyo gida ba su jefa raga ba.

Daga ranar gidanmu ya yi shiru, shirun da ban taɓa ji ba, kuma ya ba ni tsoro fiye da kowane faɗa. Aka raba akushi. Jirgi ya zauna a gaɓa yana shan rana, kowa na bin jirgin maƙwabta. Mu yara muka zama wayar tarho a tsakaninsu. Suna zaune a tsakar gida ɗaya, kowa na jin numfashin kowa, Baba ya ce mini, "Ce ma uban Nasiru shi janye ragatai, ta tare hanya." In taka in je in faɗa. Baffa ya ce, "Ce ma ubanki hanyar ba tai ta ba." Dattawan tunga sun so shiga tsakani, amma kowannensu da nasa bajon a ƙirji. Sulhun ya koma wata sabuwar rigima, aka bar 'yan'uwa biyu a zaune ana neman mai raba dattawa.

Sannan Baffa ya ce zai tashi. Surukansa na can wajen Shanga, sun ce akwai wuri, kuma da an ci kasuwar Yauri mai zuwa zai kwashe iyalinsa. Matarsa ta fara ɗaure kwanuka a zane tana kuka, Innata na taya ta ɗaurin ita ma tana kuka. Nasiru ya ce mini a can ma akwai ruwa, na ce ruwan banza. Na shiga bayan rumbu na yi kukana ni kaɗai, don ban san yadda ake wuni ba shi ba. Inna Tsohuwa ta kira Baffa ɗaki ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Inna, ni kinka raina. In gaskiya kika so, ga babban can, kira shi ki hwaɗa mai." Ya san ba za ta iya ba. Kowa ya sani.

Ana gobe kasuwa muka zauna a gindin banda kamar kullum, sai dai ba mai fakon kifi. Baba yana ƙofar ɗakinsa ta gabas yana gyaran raga, ya samo sabon bajo ya maƙala a riga. Baffa yana ta yamma yana ɗaure kayansa, nasa bajon a hula. Kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Nasiru na juya wani bajon rawaya a hannu, wuta na haska shi. Inna Tsohuwa ta miƙa hannu ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta juya bayansa ta taɓa allurar.

"Aninin siyasa," ta ce. Haka take kiransa, ba ta yarda da sunan bajo ba. "Wanga ai ɗan gata na. Ku ba ku ga kakanninai ba."

Muka ce bajo ma yana da kakanni? Ta ce har da dangi. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, sai ka ce da kurame take magana, alhali muna manne da gwiwarta.

Ta ce a tsohon garinmu, kafin a datse gulbi ruwa ya ci shi, siyasa ta fara zuwa ba ta da hoto. Ƙyalle ne, a yage shi siriri a ɗaura a hannu, launinsa ke faɗin inda mutum ya dosa. To masunci kullum hannunsa a ruwa. Da ƙyalle ya yi ta koɗewa har aka daina gane na wane ne, sai wani maƙerin farfaru a Yelwa ya soma yanka gwangwanin madara yana fitar da 'yan aninai, ya shafa fenti, ya liƙa allura a baya. A lokacin ba don ado ake sa shi ba. Akwai aninin da in an gan ka da shi kana iya kwana a ɗaure, ko a hana ka wurin shanya raga. Don haka a cikin hula ake soke shi, ta ciki. Mutum biyu su haɗu a kasuwa, ɗaya ya cire hula kamar zai sosa kai, ya ɗan karkata ta, ɗayan ya leƙa ya gani, shi ke nan an gaisa.

"Kakanku kau," ta ce, tana dariya tun kafin ta faɗa, "Allah shi jiƙan shi, randa anka yi zaɓen hwarko, anka ba shi 'yar takarda, anka ce shi shiga shi jehwa cikin akwatin da shika so. Yad dibi takarda, yad dibi anini nai. Yac ce wagga 'yar takarda mi tas sani? Ai wanga shi ad da alama. Yac cire anini yat tura cikin akwati, ƙwal! Yan naɗe takarda yas sa cikin tagiya, yad dawo gida shina ta baza riga."

Muka tuntsire da dariya. Ta ce takardar ta daɗe a hularsa, da ita yake nuna wa baƙi shaidar cewa ya yi zaɓe, kuma da gwaninsa ya faɗi ya ce lallai an sace masa anini a hanya. Daga yamma na ji Baffa ya yi wani tari da ba tari ba ne.

Ta ce akwai kuma wanda ba na neman kujera ba ne, na ƙin yarda ne. Da ruwa ya tashe su, wurin da aka fara nuna musu su zauna yana can kan tudu, nesa da gaɓa, sai ka ce manoman gero aka kwaso. Mazan ba su iya takarda ba, ba su kuma da mai magana. Sai kowa ya yanko guntun tsohuwar raga ya ƙulla, ya soke a gaban riga da ƙayar kifi, suka je suka zauna a gaban masu rabon wuri ba su ce uffan ba. Masu rabon suka tambayi ma'anar abin. Wani tsoho ya ce ma'anarsa ita ce wannan ba ya kama kifi a kan dutse. Haka aka matso da su bakin ruwa, inda muke zaune.

"Rannan duk tunga anini guda tas sa," ta ce. "Wanga mai raba ɗiyan ciki guda bai zo ba tukuna." Ta mayar wa Nasiru nasa, ta tura itace a wuta. "To. Ga ta can bisa ruwa tana tahowa."

"Ta iso gaɓa mu tare ta!" muka amsa, don haka ake buɗe tatsuniya a tungarmu.

Wai a wani zamani akwai ƙurungu biyu, wa da ƙane, suna zaune a rami ɗaya a gindin wani dutse cikin gulbi. Kowa ya san ƙurungu, kifin nan mai ƙaya da ke gurnani in an kama shi. A lokacin duk kifaye ciki ƙasa suke iyo. Sai sarautar gulbi ta faɗi, Zalɓe da Kada suka fito nema. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaɓa ya ce shi mai tsoron Allah ne, a dubi yadda yake wuni a tsaye bai cuci kowa ba. Kada ya buɗe baki a ƙarƙashin ruwa ya ce shi ɗan gida ne, kuma duk haƙoran nan na murmushi ne. Kowannensu ya raba alama. Zalɓe ya farfasa farin ɓawon katantanwa, Kada ya ba da wani mai ja, aka ce a maƙala a ƙirji.

Wan ya karɓi na Zalɓe. To Zalɓe a sama yake, ƙirjin kifi kuwa ƙasa yake kallo. Yaya za a yi maigida ya ga alamarsa? Sai wan ya birkice ya koma iyo a rigingine, ciki sama, kuma wai shi ya sa har yau za ka ga ƙurungu na yin haka. Ƙanen ya karɓi na Kada, ya ƙara dulmiya yana nuna ƙirji ga laka inda Kada ke kwance. Ramin nasu ƙarami ne, da suka dawo kwana sai bayan wannan ya haɗu da bayan wancan. Wan ya ce ƙanena ya juya mini baya. Ƙanen ya ce wana ya juya mini baya. Kowa ya yi fushi ya kama bakinsa.

A nan Inna Tsohuwa ta kumbura kumatu ta kwaikwayi gurnanin ƙurungu, ƙurr, ƙurr, ƙananan cikinmu suka faɗi da dariya. Ni ban yi ba. Na saci kallon gabas, na ga hannun Baba ya tsaya cak a kan raga.

Ta ci gaba. Ruwan gulbi a lokacin jajir yake da laka, mai farauta sai ya wahala kafin ya ga kifi. Amma yanzu ga abu na walƙiya a ƙirjin kowa. Wan da ke kallon sama ya ga Zalɓe na sunkuyowa a hankali, caf, ya ɗauke mai farin ɓawo ɗaya ya haɗiye, ya koma ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai lazimi. Ƙanen da ke kallon ƙasa ya ga Kada na bin masu jan ɓawo yana yi musu murmushi har cikin cikinsa. Kowannensu ya ga abin da nasa gwanin ke yi. Amma wan ya ce in na faɗa, yaron nan zai yi mini dariya. Ƙanen ya ce in na faɗa, zai ce dama ya gaya mini. Suka yi gum, dangi na ta raguwa.

"Rannan," ta ce, ta rage murya, sannan ta tuna ta sake ɗagawa, "sunka hito kiwo kusa da juna, kowa na kallon nashi wuri. Ga bakin Zalɓe na sabkowa daidai bayan ƙanen. Ba shi gani, wan shi ka gani. Ga bakin Kada na tasowa daidai bayan wan. Ba shi gani, ƙanen shi ka gani."

Nan ta tsaya. Ta ɗauki sanda ta soma juya kifin banda ɗaya bayan ɗaya, hankalinta kwance.

"Inna, sai me?"

"Sai mi? Na mance."

Muka yi ca a kanta. Tsohuwar da ba ta mance wanda ya ci mata kifi bara ba! Nasiru ya kama zanenta yana roƙo. Ta ce tsufa ne, ƙarshen ya faɗa ruwa. Sannan ta zuba wa wuta ido, ba ta kalli gabas ba, ba ta kalli yamma ba, ta ce, "Amma na taɓa ba wasu yara biyu ita, can da, da ka kwana ɗaki guda. Wataƙila cikinsu akwai mai tunawa. Ku tambayi auta. In bai sani ba ku tambayi shi wancan."

Muka ruga wurin Baffa. Ya ce mu ba shi wuri, yana da tafiya a gabansa. Muka ƙi. Yara sun fi ƙuda naci, ga mu da yawa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ce da ƙarfi, yana kallon katanga, "Ina abin tambaya nan? Ƙanen yay yi ƙara, yac ce yaya kauce! Yat tsirad da shi. Ai kullum ƙane ka tsirad da wa. Wan na can ya hangame baki shina kallon sama."

"Ƙarya ta!"

Daga gabas maganar ta fito. Duk gidan ya tsaya, har Innata ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Baba ya ajiye raga ya juyo gaba ɗaya.

"Ƙarya kakai, Mani. Wan shi yag ga Zalɓe, yab buge ƙanen da wutsiya."

"Da wace wutsiya? Shi da ka rigingine?"

"Rigingine hana bugu takai?"

"To in ya buge shi, wa yag gwada mai Kada?"

"Ai ya ji motsi nai."

"Wanga wan da ko motsin iska bai ji sai ta kusa kihe jirgi?"

Baba ya miƙe ya taho, Baffa ya miƙe ya taho, suka haɗu a gaban banda suna nuna wa juna yatsa, fitila a ƙirjin wannan, tsani a hular wancan. Suka yi gardamar wanda ya fara ceton wani, suka yi ta ko kada na iya haɗiye ƙurungu da ƙayarsa, suka gangaro kan ko ƙusa ce ta fi laifi ko wuƙa. Can Baba ya ce to shi mai fitilar ma ai ya yi alkawarin gyara mashigin jirgi tun wancan zaɓen, ga shi har yau laka. Baffa ya ce nasa mai tsanin da ya zo bai ko sauko daga jirgi ba, wai kada takalminsa ya jiƙe. Suka kalli juna. Baba ne ya fara dariya, kodayake Baffa har ya koma ga Allah yana cewa shi ne.

Duk wannan abin kan Inna Tsohuwa na sunkuye. Ga ɗan fari tsaye a gabanta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Amma na riga na koma na jingina da ita, na ji kafaɗarta na rawa don dariya. Ta ɗauko babban kifi guda, na kasuwa, ta sa a faranti ɗaya ta miƙo mini ba ta ɗago ba.

"Kai ma ƙurungun can," ta ce. "Ta ƙare, kan kihi ba kan kusu ba."

Washegari matar Baffa ta kwance kwanukanta, Innata na taya ta. Jirginmu ya sauka ruwa ya nufi kasuwa da kwandunan banda, muna jin muryoyinsu har suka sha kwana. Ba wanda ya cire bajonsa, ba kuma wanda ya sake kafa shi a jirgi. Na ce wa Nasiru dama na san ba inda za shi. Ya ce ai ya gan ni a bayan rumbu.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi kan 'yan siyasa, cewa mai ba ka abin walƙiya ka sa a ƙirji so yake ya gan ka da kyau. Akwai wannan a ciki. Na ga bajo ya sauya kama iri-iri, na roba, mai hoton fuska, wanda ya koma hula da riga da atamfa, yanzu har a waya yara ke liƙa shi a jikin hotonsu, kuma Zalɓe da Kada ba su daina neman sarauta ba. Amma sai da na girma na lura Inna Tsohuwa ba ta ce ƙurungun su yar da ɓawonsu ba, ba ta kuma ce su kalli wuri ɗaya ba. Da duka biyun sama suke kallo, da Kada ya gama da su. Baba da Baffa ba su taɓa zama jam'iyya ɗaya ba, har Inna Tsohuwa ta rasu, har bayanta. Jam'iyyun suka mutu aka yi wasu, suka haɗe, suka rabe, duk inda Baba ya sa ƙafa Baffa na ɗaya gefen. An taɓa yin wata guguwar sauya sheƙa da ta kusa haɗa su wuri guda, Baffa ya ji labari ya fice tun kafin a buga masa kati. Kowannensu ya fi kowa sanin asirin nasa gwanin, kuma a bakin akushi ake tona shi.

Bayan na yi aure na taɓa tambayar Baba yadda tatsuniyar ta ƙare a lokacin da aka ba su suna yara. Ya ce wace? Ba a taɓa ba su ita ba. A gindin bandar nan ta ƙirƙiro ta, shi ya sani, Baffa ma ya sani. Na ce to me ya sa ka tanka? Ya ce, "Uwata ba ta iya kirana, sai ta aiko min kihi. In ƙi zuwa?"

Baffa Mani ya rasu kafin zaɓen da ya wuce. Na je gida lokacin kamfe, na tarar Baba ya tsufa, ido ya rage, jirgin ma Nasiru ke tuƙa shi yanzu da inji. Samari suka shigo tunga da kiɗa suna rabo. Baba ya dogara sanda ya fita, ya dawo da bajo biyu, na ɓangarorin biyu. Da aka kawo tuwo ya maƙala ɗaya a rigarsa, ya tura wa Nasiru ɗayan a kan tabarma.

"Ungo gadon ubanka. Sa shi, ka hwaɗa min ƙaryar da nawa yay yi."

Nasiru mutum ne mai ladabi, ya fi ubansa nesa ba kusa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ai bayanka nike. Wanda kaka so, shi nika so."

Ya ɗauka faranta masa rai ya yi. Baba ya daɗe yana kallon akushin, loma a hannu bai kai baki ba. Sannan ya ce a hankali, ba da kowa ba, "To wa za ya ce min ƙarya nikai?"

Tausayinsa ya kama ni. Ni ba 'yar fari ba ce, bakina a sake yake a gabansa. Na matso na ɗauki bajon daga kan tabarma na soke a mayafina, allurar har ta tsire ni a yatsa. Ban ko duba na wace jam'iyya ba ne.

"Baba," na ce, "gwanin ga naka, ko rijiya guda bai gina ba."

Ya ɗago kai. Ya kai lomar baki, ya tauna, ya gyara zama.

"Ƙarya kikai," ya ce.